Lambar da Na Rubuta

Idan na koma neman ƙuruciyata, kafin fuskar kowa ƙara ce ke fara zuwa mini: ɗigon ruwa a cikin kwalba, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin wani bututun tagulla da malaminmu na kimiyya ya lanƙwasa da hannunsa ya haɗa da tukunya a kan risho. Da shi muke tace ruwan gwaji a makarantarmu ta kwana, domin babu mai kawo mana tataccen ruwa daga birni. Kowane zango ana ware ɗalibai biyu su kula da ɗakin gwaji, kuma tun shekarar farko aka haɗa ni da wani ɗan garinmu da muke kira Dogo. Da an buga tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin dalbejiya, sai mu ɗauki bokiti mu nufi rijiya. Mu jawo ruwa, mu kunna risho, mu wanke kwalaben gwaji da toka da gashin kaza, mu kife su a kan ƙusoshi su bushe. Dogo ke jan guga saboda tsawon hannunsa, ni kuma in zauna gadin ɗigo, don idan tukunyar ta ƙafe bututun zai ƙone. Kwano ɗaya muke ci. Sabulu ɗaya muke saye, mu raba shi biyu da zare.

Malam mutum ne marar hayaniya, ba ya duka, ba ya kuma yabo. Ranar da zai koya mana abin da ake kira daidaito a haɗuwar sinadarai, bai taɓa allo ba. Ya sa aka kawo daro biyu, ɗaya cike da ruwa, ɗaya babu komai. Ya ba ni gwangwanin madara, ya ba Dogo na tumatir. Ni in riƙa ɗiba daga cikakken ina juyewa a ɗayan, Dogo kuma yana ɗiba daga can yana maidowa, a lokaci guda, kuma ba a karkata daro, abin da gwangwani ya ɗebo a kwance shi ke nan. Da farko nawa yana fitowa a cike, na Dogo da ƙyar yake jiƙewa. A hankali ruwana ya ja baya, gwangwanina ya daina cika, nasa kuma ya fara cika, har muka kai inda abin da nake kaiwa daidai yake da abin da yake dawowa da shi. Muka yi ta ɗiba har kafaɗunmu suka gaji, amma ruwan bai ƙara gusawa daga inda ya tsaya ba, alhali daron Dogo ya fi nawa ruwa nesa ba kusa ba. Malam ya ce mu duba da kyau: hannu bai tsaya ba, ruwan daro biyun bai zo ɗaya ba, abin da ya zo ɗaya shi ne saurin tafiya da saurin dawowa. Sai ya ɗauki bokiti ya ƙara ruwa a nawa. Nan take gwangwanina ya koma cika, ruwa ya rinjaya wajen Dogo, har aka sake tsayawa a wani sabon wuri. "Duk abin da kuka taɓa zai matsa," in ji shi. "Aikinku shi ne ku san ta ina zai matsa kafin ku taɓa shi."

Da kayan gwajin da aka aiko mana suka ƙare, Malam ya koma ga zoborodo. Mu jiƙa shi mu tace, a ɗiga masa ruwan tsamiya ya yi ja wur, a ɗiga masa ruwan kanwa ya yi duhu har ya koma kore, a sake ɗiga tsamiya jan ya dawo. Yakan ce launi biyun duka suna cikin kwalbar a kowane lokaci, tsami ko kanwa ne ke zaɓar wanda zai rinjaya. Dokarsa guda ce a kan littafin gwaji: da tawada ake rubutu, ba a gogewa, ba a yage shafi. Wanda ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ya rubuta gyaran a gefe. A wancan lokacin mun ɗauka tsaurin tsofaffi ne kawai.

A shekararmu ta ƙarshe ya ba mu jarrabawar aikin hannu. Ana ɗiga asid daga wani dogon bututu mai lambobi zuwa cikin ruwan kanwa har launi ya juya, sai a rubuta yawan abin da aka ɗiga. Manyanmu da suka gama sun bar mana sirri, wai Malam ba ya canza haɗinsa, amsar kullum tana kusa da ashirin da biyar. Ranar, launin kwalbata ya juya a sha tara. Na sake, ya sake juyawa a sha tara. Na saci kallon hagu da dama, na ga kowa yana rubutu hankali kwance. Sai na rubuta ashirin da huɗu da ɗigo takwas, har da ɗan ragewa don ƙaryar ta yi kama da aiki. Washegari Malam ya sa kowa ya miƙe ya karanta lambarsa da bakinsa. Mu talatin da 'yan kai, duk muna kewaye da ashirin da biyar. Dogo kaɗai ya ce sha tara, aji ya fashe da dariya. Malam ya jira har dariyar ta mutu, sannan ya ce a bana ya sirka ruwan kanwar, kuma amsa sha tara ce. Bai hukunta kowa ba. Ya zo ya tsaya a kaina, ya tambaye ni a hankali nawa idona ya gani. Na faɗa masa. Ya ce, "To me ya sa ka fi yarda da idon wanda ba ya nan?" A hanyar rijiya Dogo ya buɗe mini littafinsa. Shi ma ashirin da biyar ya fara rubutawa, sannan ya ja layi a kai. Tun daga ranar ban sake rubuta lambar da ban gani ba, kuma a raina Dogo ne ya koya mini wannan, ba Malam ba.

Na koyar da kimiyya shekaru masu yawa, daga baya gidan rediyo ya ɗauke ni, ina karanta labarai ina kuma gabatar da shirin kimiyya na makarantu da Hausa. Bayan na yi ritaya zama ya ishe ni, ga 'ya'ya a jami'a. Dogo ya daɗe a Doha ta ƙasar Qatar, ya zama shugaban sashe a wani kamfani mai kula da ruwan otal-otal. Ya kira ni ya ce suna neman wanda ya fahimci ruwa, ba mai duba launi kawai ba. Shi ya tarye ni a filin jirgi, shi ya samo mini ɗaki bango ɗaya da nasa a wani gidan haya a unguwar Bin Omran, inda mu 'yan Najeriya da mutanen zangon Gana muke tarayya a kicin ɗaya. A mota yana ta yi mini tsiya, wai mai karanta wa duniya labarai ya zo wankin tafki.

Tafkin ninkayar da aka ba ni yana saman wani dogon otal a unguwar West Bay. Sau uku a yini nakan durƙusa a bakinsa in cika ƙananan kwalabe biyu. Ta farko tana juyawa ruwan hoda, ta nuna yawan kulorin da ke cikin ruwa. Ta biyu tana nuna awon tsami: ruwan goro idan lafiya, ja mai duhu idan ruwan ya karkata ɓangaren kanwa. Yawancin ma'aikata ta farko suke kallo, amma ta biyun ce ke faɗin gaskiya. Kulorin idan ya shiga ruwa gida biyu yake rabuwa, wani mai kaifi da ke kashe ƙwayar cuta nan da nan, wani kuma mai sanyin jiki da sai ya daɗe bai yi aikin ba. Wannan yana juyewa ya zama wancan, wancan yana juyowa, ba tsayawa, kuma tsamin ruwa ne ke yanke wanda zai fi yawa. Idan awon yana wajen bakwai da rabi, kusan rabi da rabi ne. Idan ya haura takwas, mai kaifin sai ya koma ɗan kaɗan. Kwalbar farko ba ta bambance su, tare take ƙirga su, don haka za ta iya yin kyakkyawan launi alhali ruwan ba shi da mai tsaronsa. Shi ya sa akwai wani ƙaramin inji a ɗakin famfo da ke ɗiga asid, yana riƙe awon a inda ya kamata. Ban taɓa zaton daron Malam da zoborodonsa za su ciyar da ni a wata ƙasa ina da furfura ba.

Da annobar korona ta zo aka rufe tafkin, amma ruwa ba ya jiran a buɗe gari. Nakan hau ni kaɗai da takunkumi a fuska, in auna ruwan da babu mai shigarsa, in tsaya ina kallon titunan da ba mota. Kamfani ya sallami mutane da yawa, Dogo ya tsaya a kan sunana aka bar ni, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Da cutar ta kama shi aka kai shi wurin killacewa, kullum bayan la'asar sai na kira shi, yana magana yana haki, mu yi ta hirar Malam wanda ya daɗe da rasuwa, sannan in kira maiɗakinsa a gida in kwantar mata da hankali. A wannan lokacin ne kamfani ya soke littafin da muke rubuta awon ruwa, saboda hannu da yawa na taɓa shi, aka mayar da komai cikin manhaja a waya. Ni ban iya ta ba. Da Dogo ya warke shi ya buɗe mini, shi ya zaɓa mini lambar sirri, ya sa shekarar da muka gama makaranta don kada in manta. Na lura tun ranar farko cewa idan na yi kuskure na gyara, tsohuwar lambar ɓacewa take yi kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Na faɗa masa wannan bai yi mini ba. Ya ce in bar ƙauyanci.

Sai ga gasar cin kofin duniya. Gari ya cika da tutoci da kaɗe-kaɗe, aka rufe hanyar bakin teku, otal ɗinmu babu ɗaki ko ɗaya da ba kowa, yara kuma suna cikin tafki tun safe. A mako na biyu asid ya ƙare a sito. Dogo ne ke da alhakin yin odarsa, otal-otal sun yi masa yawa ya manta, kuma a makonnin nan motar da ke ɗauko irin wannan kaya ba ta shigowa unguwar da sauƙi. Na auna na ga takwas. Da yamma ya kai takwas da ɗigo biyu, ƙarshen abin da kwalbata ke iya nunawa. Na shigar da abin da na gani a manhaja, na sauka na same shi a ɗakin famfo.

"Dogo, a rufe tafkin nan har asid ya zo."

"A wannan makon? Mutumina, so kake manaja ya jefo ni daga saman benen nan? Ƙara kulorin kawai."

"Kai ma ka san irin wanda muke zubawa ƙara tura ruwan yake yi wajen kanwa."

"Ba a rediyo muke ba, ba sai ka karanta mini labarai ba. Gobe mota za ta zo, khalas, shi ke nan."

Motar ba ta zo gobe ba, ba ta zo jibi ba. A nan na yi kuskuren da nake ganin sai irinmu ke yin sa. Dokar aiki ta ce in aika wa shugabana, wato Dogo, imel, in sa manaja a ciki. Abokan aikinmu na wasu ƙasashe a cikin sa'a guda suke yin haka, kuma babu mai jin haushi. Ni kuwa na kasa. A inda na tashi, ba a sa laifin mutumin da mahaifiyarsa ta ciyar da kai a takarda a miƙa wa baƙo. Ana jan sa gefe ne a gaya masa. Safiya huɗu ina jan sa gefe, yana cewa gobe. Na yi masa kara, kuma yaran da ke cikin ruwan ne suka ɗauki nauyin karar. Wannan laifina ne, ba na raba shi da kowa.

A rana ta biyar ruwan ya yi hazo, yara da dama suka tashi da jan ido da ciwon kunne, wani uba ya kai ƙara. Jami'in lafiya, irin wanda muke kira duba-gari a gida, ya zo da na'urarsa ya auna, ya sa aka rufe tafkin nan take. Aka kira mu ofishin manaja, ni da Dogo. Na shiga ban da fargaba sosai, don na san abin da na shigar. Manaja ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Kwana huɗu, sau goma sha biyu, bakwai da ɗigo huɗu, bakwai da rabi, bakwai da ɗigo huɗu, duk a ƙarƙashin sunana. Na ce ba wannan na rubuta ba. Ya tambaya wa ya san lambar sirrina, na ce wanda ya buɗe mini, ga shi nan zaune. Ya ce ba wa wani lambar sirri ma laifi ne mai zaman kansa, sannan ya dubi Dogo. Dogo ya gyara zama, ya yi magana da Turanci cikin taushin murya, kamar mai roƙo a madadina. Ya ce ni ɗan'uwansa ne tun daga gida, mutum ne mai gaskiya, ba zan yi ƙarya da gangan ba, sai dai shekaru sun ja, idona ya daina bambance ruwan goro da ja, kuma ruɗewa ce ta sa nake faɗin abin da nake faɗi. Ya ce laifinsa shi ne bai lura da wuri ba, a yi mini sassauci. Da maƙaryaci ya kira ni da na san yadda zan tsaya in kare kaina. Tausayin da ya lulluɓe ni da shi ne ya ɗaure mini baki. Aka ba ni takardar sallama, da dalilin a rubuce, irin wadda babu kamfanin ruwan da zai gan ta ya ɗauke ni.

Ba na cewa mutanen zamanin da sun fi na yanzu gaskiya. Mu talatin muka yi ƙarya a aji ɗaya a safiya ɗaya. Bambancin shi ne a wancan zamani sai ka miƙe ka karanta ƙaryarka da bakinka a gaban wanda ya san amsa, kuma gyara yana barin tabo a shafi. Yanzu yatsa ɗaya ya isa, daga cikin mota ko daga kan gado, shafi ya fito tas. Na kuma san abin da ke kan Dogo. Na san bakunan da yake ciyarwa a gida, na san tsoron da kowane baƙo ke kwana da shi a garin nan, cewa takarda ɗaya ta isa ta mayar da shi filin jirgi. Na auna duk wannan a watannin da na yi a Bin Omran ina neman wani aikin ban samu ba, muna haɗuwa a kicin muna gaisawa kamar maƙwabtan da suka tare jiya. Na fahimci dalilinsa sarai. Fahimtar ba ta rage mini komai ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a tsakar gida muna cin shinkafa da wake da mutanen Kumasi suka dafa, Dogo ya sanar cewa zai tafi Umara ranar Laraba. Kamar yadda aka saba, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, kowa yana cewa ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da ya zo kaina ya durƙusa, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Mutumina, zan tafi Ɗakin Allah. A yafe mini."

"Allah ya kai ka lafiya. Me zan yafe?"

"Duk abin da ya faru."

"Abubuwa da yawa sun faru, Dogo. Wanne daga ciki?"

Alhaji, dattijon gidan, wani tsohon direba mutumin Kumasi, ya ajiye kwanonsa.

"Haba Malam, ba a yi wa matafiyi irin wannan tambaya. Ka ce ka yafe kawai, mutum tafiya zai yi."

"Ni ma tafiya zan yi, Alhaji. Shi zai dawo aikinsa."

Na juya ga Dogo na gaya masa, yadda kowa zai ji, cewa ba ofishin manaja nake so ya koma ba, aikin ya riga ya tafi, kuma ba na neman ya tona kansa a gaban jama'a. Abin da nake so kawai shi ne ya same ni a ɗaki, mu rufe ƙofa, ya faɗi abin da ya yi da Hausa, a jimla ɗaya, ni kuma in yafe masa kafin ya rufe baki. Jirgin da zai mayar da ni gida sai Litinin. Ya saki hannuna ya koma wurin zamansa, wani ya kawo zancen ƙwallo, aka ci gaba da cin abinci.

Daga ranar ban je ko'ina ba sai masallaci, ko kasuwar Souq Waqif da na yi niyyar zuwa sayen tsaraba ban je ba, don kada ya zo ya tarar ba na nan. Ina jin ƙarar silifas ɗinsa a baranda, na san takunsa tun muna jan guga. Sau biyu takun ya rage sauri a bakin ƙofata, sannan ya wuce. Ranar Litinin da safe mai tasi ya yi hon, na jawo akwatina na buɗe ƙofa. A jikin mariƙin ƙofar an rataye leda, a ciki akwai dabino, da sabuwar jallabiya, da kwalbar turare mai tsada, babu ko guntun takarda. Na bar ta inda na same ta, na ja ƙofar a hankali don kada ta faɗi.